Yadda Ake Shirya Tafiyar Fatsar Ƙwaro a Kogin Madison, Wata Bayan Wata

Masuncin da ya saba da tana da ƙugiya, in ya fara ganin masu fatsar ƙwaro, sai ya yi dariya. Ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kaɗa doguwar sanda gaba da baya, ba tana, ba dalma a bakin zare. Abin da ke jikin ƙugiyarsa gashin tsuntsu ne da na dabba, an ɗaure su da zare har sun yi kama da ƙwaro. Ƙwaron ba shi da nauyin da zai jefu, don haka igiyar aka yi wa nauyi, ita ake wurgawa ta kai shi inda kifi yake. Kifi ya ruɗu ya cafka, a jawo shi, a zare ƙugiya, a mayar da shi ruwa.

Tunda dabarar duk a kan ƙwaro ta rataya, dole mai wannan su ya san wane ƙwaro ke fitowa a wane wata, da halin da ruwa ke ciki a lokacin. A nan baƙi suka fi tafka kuskure. Sai mutum ya karɓi hutu a wurin aiki, ya yanki tikitin jirgi, sannan ya fara tambayar me kogi ke ciki. Kogin ake fara tambaya, tikiti ya biyo baya. Zan yi bayanin da Kogin Madison na jihar Montana a Amurka, domin yana cikin kogunan da aka fi zuwa don kifin tirawut, kuma halinsa na sauyawa ƙwarai daga wata zuwa wata.

Mataki na farko: raba kogin kashi-kashi

A taswira Madison kogi ɗaya ne mai tsawon kusan kilomita 295. Yana farawa cikin gandun dajin Yellowstone, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya ƙare a Three Forks, inda shi da Jefferson da Gallatin suka haifi Kogin Missouri. Ayarin masu binciken ƙasa na Lewis da Clark ne suka raɗa masa suna a 1805, don girmama James Madison wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na huɗu. A wurin masunci kuwa kashi huɗu ne, kuma kowanne da lokacinsa.

Na cikin gandun daji ruwa ne mai tafiya a hankali tsakanin ciyayi, yana da ɗumi saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke zuba cikin Firehole. Daga nan ya faɗa tafkin Hebgen, wanda madatsa ta tara. Ƙasa da madatsar akwai ɗan gajeren yanki da ake kira tsakanin tafkuna, sannan tafkin Quake, wanda girgizar ƙasa ta samar a daren 17 ga Agusta 1959 lokacin da gefen dutse ya zabtaro ya toshe kogin, mutum 28 suka rasu. Har yau ana ganin busassun itatuwa tsaye cikin ruwan.

Daga Quake zuwa garin Ennis shi ne yankin da ya yi wa kogin suna: kusan kilomita 80 na ruwa mai gudu a kan duwatsu, ba zurfi sosai, ba gurbin hutawa. Daga bakin Quake zuwa gadar Lyons da ƙafa ake su, ba a yarda ka jefa daga cikin kwale-kwale ba. A nan mashigan kogi na Raynolds Pass da gadar Three Dollar suke. Daga Lyons zuwa gadar Ennis filin masu kwale-kwale ne, ana bi ta gadojin McAtee da Varney. Ƙasa da gadar Ennis zuwa tafkin Ennis kogin ya rarrabu rassa, an sake komawa ƙafa. Kashi na ƙarshe yana bayan madatsar Ennis, ya ratsa kwazazzabon Bear Trap ya fito fili. Tafkin Ennis ba shi da zurfi, rana na dafa shi, shi ya sa ruwan da ke ƙasa da shi yake saurin yin ɗumi.

Riƙe wannan a ka, domin a rana ɗaya wani kashi na iya zama taɓo, wani kuma garau.

Mataki na biyu: zaɓi watan da ya dace da abin da kake so

Afrilu zuwa farkon Mayu. Ƙanƙarar kan duwatsu ba ta fara narkewa sosai ba, ruwa ƙasa yake kuma a washe, mutane ba su yi yawa ba. Da safe kifi a kwance yake don sanyi, ba sai ka yi sammako ba; daga hantsi zuwa la'asar ake aiki. A ranakun hadari ƙananan ƙwari masu launin ganye da ake kira Baetis suna fitowa bayan azahar. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Mayu, ƙasan madatsar Ennis yana cika da ƙwaron kadis, har ya rufe saman ruwa ya shiga wa mutum wuya da kunne. Matsalar ita ce fitowarsa tana gab da zuwan taɓo, wata shekarar a sami mako guda ana sha'ani, wata shekarar ruwa ya ɓaci kafin a fara. A wannan lokaci kuma tirawut mai bakan gizo yake zuba ƙwai. In ka ga tsakuwa ta yi fes, ta fi ta kewaye haske, a wuri marar zurfi, sheƙar ƙwai ce. Kada ka taka, kada ka jefa wa kifin da ke kanta.

Tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Lokacin narkewar ƙanƙara ke nan. Rafukan Cabin da Beaver da reshen West Fork suna kwararo laka, ruwa ya ƙaru, ya yi ƙarfi, shiga cikinsa ya zama kasada. Baƙon da zai zo sau ɗaya ya guji waɗannan makonni. Wanda dole ta sa shi zuwa yana da mafita biyu. Ko ya tsaya sama da inda West Fork ke shigowa, inda tafkuna suka tace ruwan, ya riƙa jefa manyan tsutsotsin ƙarya baƙaƙe, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙugiya, dab da gaɓa, don kifi na matsowa gefe in tsakiya ta yi ƙarfi. Ko ya haura cikin gandun daji, domin Yuni ne watan Firehole da Madison na can, kafin zafi ya kore su.

Ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Nan ne samonfulai ke fitowa, ƙaton ƙwaro mai jan wuya da ya kai tsawon yatsa. Tsutsarsa tana shekara uku zuwa huɗu ƙarƙashin duwatsu, sannan ta rarrafo gaɓa ta fashe ta yi fiffike. Fitowar tana farawa ta wajen Ennis ta riƙa haurawa sama kullum, har ta kai kusa da Quake. Manyan kifayen da ba sa leƙo sama duk shekara suna fitowa su kai masa bugu. Kowa na son ganin wannan, kuma shi ne dalilin da ba na ba sabon shiga shawarar ya ɗaura tafiyarsa a kai. Ranar farawa tana gaba tana baya gwargwadon ƙanƙarar shekarar, kwale-kwale kan jeru a mashiga, kuma kifin da ya ƙoshi da ƙwaron gaske yakan kwana biyu bai kula na ƙarya ba. Masu wayo sukan tsaya ɗan gaba da inda fitowar ta kai, su yi aiki da tsutsa, ko su koma baya inda ta wuce da 'yan kwanaki, kifi ya sake jin yunwa bai kuma manta da siffar ba.

Yuli. In za ka zo sau ɗaya a rayuwa, zo daga mako na biyu na Yuli zuwa ƙarshensa. Ruwa ya sauka ya washe, bai yi ɗumi ba tukuna, kuma ƙwari iri-iri suna fitowa a rana guda: masu ruwan ɗorawa da hantsi, ƙananan ƙwarin dutse da rana, kadis da yamma. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, kuma sa'ar ƙarshe kafin duhu ita ce gwal, daidai lokacin da yawancin baƙi suka tafi cin abinci. Ka ci naka da wuri ka dawo. Cunkoso akwai shi, amma tafiyar minti ashirin daga inda ake ajiye mota tana rage shi sosai, don galibin mutane ba sa son nisa da motarsu.

Agusta. Ƙwarin cikin ruwa sun ragu, na tudu sun karɓi fage: fara, tururuwa, buzuzu, da wani ɗan malam-buɗe-littafi da ke faɗowa daga itatuwan da ke gefen kogi a saman kwarin. Iskar rana tana kaɗo fara cikin ruwa, saboda haka ranar iska da kake ƙi a Yuli abokiyarka ce a Agusta. Amma wannan wata yana da sharaɗi, wato zafin ruwa. Tirawut kifin sanyi ne, ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. In ruwa ya yi ɗumi iskar shaƙa ta ragu a cikinsa, kifin da aka ja aka saki yana iya iyo ya tafi ya mutu daga baya. Hukumar kifi da namun daji ta Montana takan hana su daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha biyun dare in zafin ruwa ya kai digiri 73 na Farenhait, kusan 23 na Salshiyas, kwana uku a jere. A wani yanki na ƙasan madatsar Ennis dokar tana aiki kowace shekara daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Masunta da dama ba sa jiran doka, da ruwa ya kai digiri 20 sai su naɗe igiya. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka sa a aljihu, ka fita da asuba, ka huta da rana. Wasu shekarun hayaƙin gobarar daji ma yakan rufe kwarin.

Satumba da Oktoba. Bayan makon farko na Satumba 'yan makaranta sun koma, dare ya fara sanyi, ruwa ya huce. Fara tana aiki har sanyi ya kashe ta, Baetis kuma ya dawo a ranakun hadari. Ga wanda ba ya son hayaniya, tsakiyar Satumba ta fi Yuli daɗi, ko da kifin da zai kama bai kai na Yuli yawa ba. Daga ƙarshen wata zuwa Oktoba manyan tirawut masu ruwan ƙasa suna barin tafkin Hebgen su haura cikin gandun daji don zuba ƙwai, masu bakan gizo na biye da su. Ana tare su a gurabe irin su Barns Pools kusa da garin West Yellowstone, da ƙwaron da aka ɗaura da siffar ƙaramin kifi. Wurin yana da ladabinsa: ka shiga daga saman gurbi, ka jefa, ka yi taku biyu ƙasa, ka sake jefawa, in ka kai ƙarshe ka fito ka koma bayan layi. Wanda ya kafe a wuri ɗaya ko ya shiga gaban wani zai sha harara. Ka zo da kayan sanyi na gaske, dusar ƙanƙara a Oktoba ba abin mamaki ba ce.

Nuwamba zuwa Maris na 'yan gari ne. Ƙanƙara takan toshe kogin ta wajen Ennis, iska na yankan fuska, ramukan da igiya ke bi a jikin sanda suna daskarewa. A Fabrairu da Maris akan sami ranakun da iska ta kwanta, wasu mitsi-mitsin ƙwari su fito a Raynolds Pass da tsakanin tafkuna. Ba a ƙetare teku don wannan.

Mataki na uku: bi diddigin ƙanƙara da ruwa kafin ka biya kuɗi

Duk watannin da na lissafa suna iya gusawa da mako biyu. Abin da ke gusar da su shi ne yawan dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu da hunturu. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da tashoshin awo a kan duwatsu da ake kira SNOTEL, suna nuna a intanet ko ƙanƙarar bana ta haura abin da aka saba ko ta gaza. Duba a farkon Afrilu. In ta yi yawa, taɓo zai daɗe, samonfulai zai makara, Agusta zai yi kyau. In ta yi kaɗan, komai zai zo da wuri, kuma Agusta na iya zuwa da dokar hana su ta rana. Sai ka jawo tafiyarka baya zuwa farkon Yuli ko ka tura ta Satumba.

Saura mako biyu, koma kan ma'aunan USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, waɗanda ke nuna yawan ruwan da ke wucewa, wasu har da zafinsa. Na Kirby Ranch shi ne na saman kwarin. Kada lambar rana ɗaya ta ɗauke maka hankali, layin zanen za ka duba. Ruwan da ke sauka a hankali kullum albishir ne. Wanda ke tsalle sama yana nufin laka na tafe. Daga nan buga waya wani shagon kayan su a Ennis ko West Yellowstone ka tambayi abu uku: launin ruwa, ƙwaron da ke fitowa, da lokacin da kifi ke ci.

Wannan lissafi bai tsaya a Montana ba. Masu fatsar ƙwaro da ke zuwa Kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, don tsage da giwan ruwa, da rani suke zuwa, bayan ruwan damina ya janye ya washe. Aikin da narkewar ƙanƙara ke yi a Madison, damina ke yin sa a can.

Mataki na huɗu: takardu

Hukuma biyu ke iko da kogin, kuma takardar ɗaya ba ta aiki a wurin ɗayar. A ɓangaren Montana baƙo na bukatar lasisin su, da lasisin kare muhalli, da takardar yaƙi da baƙin halittun ruwa, duk ana sayensu a intanet daga hukumar kifi da namun daji ta jihar. Cikin Yellowstone izinin gandun dajin ake saya, na kwana uku, na bakwai, ko na shekara. Can dokoki sun fi tsauri: Madison na ciki fatsar ƙwaro kaɗai aka yarda, dole a danne kunnen ƙugiya, an hana dalma, an hana takalmi mai tafin matsattsen ulu. Ranakun buɗewa da rufewa sun sauya a 'yan shekarun nan, don haka karanta littafin dokokin shekarar da za ka je, kada ka dogara da na bara.

Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar tafiya cikin kogi da gefensa har iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ko da gonar wani ce a kewaye. Sharaɗin shi ne ka shiga ta gada ko mashigar gwamnati. Tsallaka shingen makiyayi don gajarce hanya laifi ne.

Mai tambayar don me za a sha wannan wahala a saki kifi, ga dalili. Kifin Madison ba na kiwo ba ne. Wani masanin kifi na jihar, Dick Vincent, ya nuna da bincikensa a wannan kogi cewa zuba kifin kiwo yana rage na asali, sai Montana ta daina zuba kifi a kogunanta a 1974. A 1994 kuma aka gano wata cuta mai sa ƙananan kifi juyawa kamar masu hajijiya, ta kashe mafi yawan masu bakan gizo a saman kogin, aka ɗauki shekaru kafin su farfaɗo. Abin da kogi ya haifa shi ke nan, kuma masu zuwa dubbai ne. A yawancin saman kogin sakin kifi doka ce.

Mataki na biyar: kaya

Sanda ɗaya ta isa: mai tsawon ƙafa tara, lamba 6. Lamba 5 ma tana yi, amma kwarin Madison gidan iska ne, 6 ta fi huda ta. Igiya mai iyo a saman ruwa, da siririn zaren gaba daga 3X zuwa 5X, da 1X ko 2X don manyan ƙwari. A zaren gaba lamba na ƙaruwa zare na ƙara sirancewa, haka ma ƙugiya ke ƙanƙancewa: samonfulai lamba 4 ko 6 ne, kadis 14 ko 16, ƙwarin hunturu 20 zuwa sama.

Kada ka cika akwati da ƙwari daga gida. Saye a shagon bakin kogi ranar da ka iso, a nan za a gaya maka abin da ke ci. Sunayen da za ka ji su ne Pat's Rubber Legs da Serendipity na ƙarƙashin ruwa, Elk Hair Caddis da Parachute Adams da Chubby Chernobyl na sama, sai Woolly Bugger mai siffar ɗan kifi.

Inda bai kamata ka yi rowa ba shi ne ƙafa. Duwatsun Madison mulmulallu ne masu santsi, ruwan kuma ba ya sassautawa. Nemi wandon shiga ruwa da bel ɗinsa a ɗaure tamau, takalmi mai tafin roba, da sandar dogarawa. In za ka hau kwale-kwale, tambaya kafin ka sa takalmi mai ƙusoshi, masu jirgi da yawa ba sa so. Ƙara tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda kuma ke kare ido daga ƙugiya, da koma mai ragar roba, da ƙaramar filaya, da rigar ruwa. Wandon nan cire shi aiki ne, don haka mai salla ya yi alwala kafin ya sa.

Mataki na shida: masauki, mota da ɗan jagora

Filin jirgin Bozeman ya fi kusa, daga nan zuwa Ennis tafiyar kamar awa ɗaya ce. Motar haya dole ce, babu bas da ke bin kogin. Mai son kwale-kwale da ƙasan kogi ya sauka a Ennis. Mai son gandun daji da tsakanin tafkuna ya sauka a West Yellowstone, wanda ke sama da mita 2,000 daga teku, dare da sanyi ko a Yuli. Babbar hanya mai lamba 287 ta haɗa garuruwan biyu tana bin gefen kogin. Na Yuli kama ɗaki tun hunturu. Garuruwan ƙanana ne, mai kiyaye abin da yake ci ya yi sayayyarsa a Bozeman.

Ɗan jagora da kwale-kwalensa ya haura dala 500 a rana, ban da tukuici, kuma mutum biyu na iya rabawa. Ɗauke shi a rana ta farko, kada ka bari sai ta ƙarshe. Abin da ya koya maka shi za ka ci gajiyarsa sauran kwanakin. Ka kuma bar kwana ɗaya ba tare da shiri ba, saboda iska ko tsawa. Sandar fatsa tana jan aradu, da ka ji rugugi ka kwantar da ita ka fito daga ruwa.

Mataki na bakwai: a bakin ruwa

Sabon zuwa yakan kutsa tsakiyar kogi ya riƙa jifa da nisa, alhali ya tattake kifin da ke gaɓa tun takunsa na farko. A Madison kifi na fakewa bayan kowane dutse da gabansa, da layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, sau da yawa taku uku daga busasshiyar ƙasa. Fara daga nan. Yi gajeren jifa, ka haura sama a hankali, ka bar ƙwaronka ya bi ruwa da saurin kumfar da ke kusa da shi. In ya fi kumfa sauri, igiya ce ke jan sa, kuma kifi ya gane. In babu kifin da ke leƙowa sama, koma tsutsa a ƙasa da 'yar alama mai iyo, don yawancin cin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake.

In ka kama, kada ka ja wasan har kifi ya galabaita. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, bar shi cikin koma a ruwa, zare ƙugiya da filaya, ka fuskantar da kansa ga ruwa har ya fizge da kansa.

Saman kwarin da gandun daji ƙasar beyar girizili ce, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari. Sayi feshin barkono na korarta in ka iso, don ba a hawa jirgin sama da shi, ka rataye a ƙirji inda hannu zai kai nan take, ka riƙa yin motsi da murya in za ka ratsa duhuwar bakin gaɓa. Dokar Yellowstone ita ce tazarar yadi 100 daga beyar da kyarkeci, yadi 25 daga ɓauna da sauran dabbobi. Kafin ka koma wani kogi kuma, wanke takalmi da wando da koma, ka cire laka da ciyawa, ka shanya su bushe sarai, domin a jikin kayan masunta ƙwayoyin cuta da ƙananan dodon koɗi ke ƙaura daga ruwa zuwa ruwa.